Daga Edmonton zuwa Yellowknife da wayar hita a gaban mota

Daga Edmonton, babban birnin lardin Alberta a ƙasar Kanada, zuwa Yellowknife tafiyar kusan kilomita 1,500 ce, wato nisan Kano zuwa Legas da ƙarin rabinsa. A watan Janairu muka yi ta, ni da direban kamfanin da nake yi wa kanikanci, wani dattijo Bahaushen Kumasi wanda ya daɗe yana bin hanyoyin arewacin ƙasar. Motar a-kori-kura ce babba mai injin dizal lita 6.7, tana jan ƙaramar tirela ɗauke da janareto da kayan gyaransa. A can aikina haɗa janareton. A hanya kuwa aikina shi ne motar ta tashi kowace safiya.

Kwana ɗaya kafin tafiya muka shigar da ita gareji, kuma abin da na fara dubawa shi ne hitar injin. Duk wanda ya taɓa tsoma hita a bokiti don ya dafa ruwan wanka ya san yadda take aiki: ƙarfe ne da lantarki ke zafafawa, sai dai wannan an ɗaure shi ne a jikin gangar injin, kansa a nutse cikin ruwan da ke zagaya silindoji. A wasu injinan ana cire ɗaya daga cikin murafun ƙarfen nan masu zagaye da ke gefen ganga a sa ta a gurbinsa, a wasu kuma tana da nata rami mai zare. Waya ce ke fitowa daga gare ta zuwa gaban mota, da fulogi mai ƙafa uku a ƙarshenta. Ba ta da famfo. Ruwan da ya yi zafi yakan hau sama, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, a haka har ɗumin ya game gangar. Ƙananan motoci hitarsu wat 400 zuwa 600 ce, irin tamu wat 750 zuwa 1,000, manyan tireloli kuwa har 1,500. Wani injiniyan lantarki a jihar North Dakota ta Amurka, Andrew Freeman, shi ya yi rajistar irinta ta farko a 1949; tasa a gurbin ɗaya daga cikin kusoshin kan silinda ake ɗaura ta.

Abin da ya sa injin dizal ya fi na fetur bukatarta shi ne ba shi da fulogi mai tartsatsi. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har ta yi zafin da man zai kama da kansa da zarar nozul ta fesa shi. Idan ƙarfen ya kwana a digiri 30 ƙasa da sifili, sai ya shanye zafin nan kafin ya isa kunna komai. Ga baƙin mai ya yi kauri, kik yana fama da juya injin, ga batir shi ma sanyi ya cinye masa kusan rabin ƙarfinsa.

Gwajin hita ba ya ɗaukar minti biyu. Ka juya mitar gwajin lantarki zuwa awon om, wato awon yadda abu ke tare wuta, ka ɗora tsinkayenta a kan faffaɗan ƙafafun fulogin guda biyu. Wutar gida a Kanada volt 120 ce, don haka hita mai wat 1,000 ya kamata ta nuna kimanin om 14, mai wat 1,500 kimanin om 10, mai wat 400 kuwa om 36. Idan mitar ba ta nuna komai ba, to ko dai waya ta katse ko hitar ta ƙone. Sannan ka gwada tsakanin kowace faffaɗar ƙafa da ƙafa ta uku ta ƙasa. A nan kada ta nuna komai sam, in ta nuna to wuta na zuba cikin jikin mota. Tamu ta ba da 14 da ɗoriya. Na bi wayar da hannu tun daga ganga har bamba, na ƙara ɗaure ta a wuri biyu inda ta kusanci belin fanka.

Sai ruwan lagireto. A gida mun saba a cika shi da ruwan famfo ko na rijiya, a kuma cire tamostat a jefar don kada mota ta yi zafi. A can yin haka kashe injin ne a dare ɗaya, domin ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma babu gangar da za ta jure. Ana haɗa ruwan da sinadarin hana daskarewa. Rabi da rabi yana riƙewa har digiri −37. Mu da za mu wuce nan sai na mai da shi kashi 60 sinadari, 40 ruwa, wanda ke kaiwa wajen −50. Kada kuma mutum ya ce bari ya zuba sinadarin zalla don ya fi ƙarfi: shi kaɗai tun a −13 yake daskarewa. Bayan an taɓa ruwan dole a tayar da injin a fitar da iskar da ta maƙale kafin a jona hita, saboda in kanta ya zauna cikin kumfar iska maimakon ruwa, cikin ɗan lokaci take ƙonewa. Baƙin mai muka juye daga 15W-40 zuwa 0W-40 wanda ya fi gudana a sanyi, muka gwada batir ɗin biyu, muka ɗaura wa gaban motar rigar leda mai kauri da ke rage iskar da ke dukan lagireto. A baya muka jefa filtar mai guda biyu, wayar ƙari, jakunkunan barci, shebur, kyandir da ashana.

Bayan asuba muka bar Edmonton a −24, muka kama babbar hanya mai lamba 43 zuwa arewa maso yamma, ta Whitecourt da Valleyview. Daji ne na dogayen bishiyoyi da gonaki fari fat, babu abin ba da labari. Shingen hanya ɗaya muka gamu da shi a yinin, tashar awon motocin kaya. Duk motar kasuwanci da ta haura kilo 4,500 dole ta ratse in fitilun tashar na walƙiya. Babu itace a gicciye, babu mai miƙo hannu ta taga. Ka hau sikelin a hankali, gatari bayan gatari, fitila ta ce ka wuce ko ka faka ka kawo takardu. An ce mu faka. Jami'ar ta duba takardun mota da na'urar da ke ƙirga awannin tuƙin direba, ta fito ta jijjiga igiyoyin da muka ɗaure janareto, ta sallame mu. Doka ta ba direba awa 13 na tuƙi a rana a kudu, a arewacin layin digiri 60 na taswira kuwa, wato daga iyakar Alberta ta arewa, awa 15, saboda nisan da ke tsakanin garuruwa.

Garin Peace River yana can ƙasan wani kwari mai zurfi, kuma gangarowa cikinsa da tirela a kan hanya mai santsi ita ce tuƙi mafi wuya a ranar. Baba direba ya sauko da giya tun daga sama, ƙafarsa ba ta zauna a kan birki ba. Iska mai sanyi takan taru a kwari, muna kallon ma'aunin dashbod yana sauka muna sauka tare. A Grimshaw muka shiga hanyar Mackenzie, wadda daga nan take farawa, muka miƙe arewa ta Manning. Azahar da la'asar a cikin mota muka haɗa su, da alwalar da muka yi a banɗakin gidan mai, don gorar ruwan da aka manta a bayan mota ta riga ta zama dutse. Rana ta faɗi tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, sauran tafiyar duk cikin duhu.

Mun iso High Level a −34. Masaukin matafiya muka kama, ɗaki mai gado biyu kimanin dala 150 ta Kanada, har da karin kumallo. Abin da baƙo zai fara lura da shi a filin ajiye motoci shi ne gajerun turaku a jere, kowanne da soket, kowace mota kuma da wayarta a jone kamar an ɗaure ta. Ba a karɓar kuɗin wutar daban, yana cikin kuɗin ɗaki.

Jona hita abu ne na minti ɗaya, amma a cikin minti ɗayan nan ake yin yawancin kurakuran. Wayar ƙari ita ce ta farko. Lambar kaurin waya a can juye take, ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Lamba 16 siririya ce, ta ishi ƙaramar mota in soket na kusa. Hita mai wat 1,000 tana jan amp 8 da ɗan ƙari, mai wat 1,500 tana jan 12 da rabi, don haka lamba 14 ake so in tsawon bai wuce mita 15 ba, lamba 12 in ya kai mita 30. Siririyar waya mai tsawo takan cinye wutar a hanya, ita ta yi ɗumi, hitar ta samu saura. A warware ta duka, kada a bar ta a naɗe. Rigarta kuma ta zama wadda aka rubuta tana jure −40 ko ƙasa da haka. Ta roba mai arha tana sandarewa, in ka lanƙwasa ta sai ta tsage. Na goge ƙafafun fulogin daga gishirin hanya, na fara jona ɓangaren mota, sannan na turke, na ɗaga mahaɗin daga ƙasa na rataye shi a bamba don kada ya kwana cikin dusar ƙanƙara.

Wayarmu tana da 'yar fitila a baki. Fitilar nan ta yaudari mutane da yawa, don abin da take faɗa kawai shi ne wuta ta iso bakin waya. Ba ta ce hitar na sha ba. Shaidar gaskiya ita ce ka kasa kunne kusa da injin bayan minti ɗaya ko biyu, ka ji wani ɗan sauti siriri na ruwa ya fara zafi. Baba kuwa nasa aikin daban ne: ya ja wayar ya zagaya ta a madubin ƙofar direba.

“Injiniya, wannan ita ce ƙwaƙwalwata,” in ji shi. “Ba na iya buɗe ƙofa ban gan ta ba.”

Yana da gaskiya. Duk hunturu sai ka ga mota a titi tana jan waya a bayanta, ko turke da aka tumɓuke soket ɗinsa.

A ƙa'ida ana fara jona mota ne in sanyi ya kai −15, kuma awa biyu zuwa huɗu sun isa; bayan awa huɗu zafin da ke shiga da wanda ke fita sun kusa daidaita, ƙarin lokaci ƙarin kuɗin wuta ne kawai. Shi ya sa a gida mutane ke sa agogon soket ya kunna ta da tsakar dare. Hita mai wat 1,000 a awa huɗu yunit 4 ta sha, a awa goma sha biyu yunit 12. Amma a −34, a garin da ba naka ba, ba wanda ke wannan lissafin. Mun bar ta ta kwana a jone. Abincin dare shinkafa da miyar da muka taho da ita a kula, muka ɗumama a na'urar ɗaki. A hanyar nan wanda ke kiyaye halal ƙwai ne nasa da kifi da soyayyen dankali, sai shayi.

Da safe −38. Gashin hanci yana daskarewa a numfashin farko, ƙarfe kuma ba a taɓa shi da hannu tsirara. Na cire wayar kafin a taɓa makulli, kuma haka ya kamata a yi kullum: in injin na aiki famfon ruwa yakan kaɗa kumfa ta wuce kan hitar tana da wuta, hakan na rage mata kwana. Baba ya murɗa makulli zuwa mataki na farko, ya jira fitilar hitar silinda, wato ƙananan hitocin da batir ke kunnawa a cikin silindoji kafin kik, ta mutu, ya kashe ya sake, sannan ya ba ta kik. Ta juya da nauyi kamar sau uku ta kama. Ma'aunin ruwa ya nuna sama da sifili tun kafin ta yi minti ɗaya, fitilar baƙin mai kuwa ta ɗan jima kafin ta ɗauke. Dalili kuwa, hitar tana sama cikin ruwa, baƙin mai yana can ƙasa a kaskonsa, ɗumin da ke isa gare shi kaɗan ne. Shi ya sa mutanen arewa ke manna wata faifan hita mai wat 150 zuwa 250 a ƙarƙashin kaskon, su naɗe batir da bargon lantarki mai wat 60 zuwa 80, su haɗa duka a fulogi ɗaya. Sai dai a yi lissafi, domin layin amp 15 iyakarsa wat 1,800, kuma yawanci soket biyun da ke turke ɗaya layinsu ɗaya. Motoci biyu masu dizal a turke guda sun isa su kashe wutar su kwana a sanyi dukansu.

Maƙwabcinmu a filin, wani matashi ɗan Filifins mai aikin walda a rijiyoyin mai, tasa motar ta ƙi. Ta juya sau biyu a kasale, ta fitar da farin hayaƙi, sai ƙas-ƙas-ƙas. Ya rantse ya jona ta tun dare, ga fitilar wayarsa ma a kunne. Irin wannan ana binsa ne daki-daki daga turke zuwa injin. Soket ɗin waje suna da maɓallan kariya biyu a fuska, kuma ɗan danshi ko gishiri a fulogi ya isa ya sa su yanke wuta. Nasa bai yanke ba. Wasu filayen kuma turakunsu na ba da wuta ne su ɗauke bi da bi don tsimi, sai ka gwada a lokacin hutu ka zaci ya mutu. Wannan ba irinsa ba ne. Wasu motocin wayarsu na da tamostat a jikin fulogin wanda ba ya barin wuta ta wuce sai sanyi ya kai −18, to a −38 wannan ba zance ba ne. Saura mita. Na ɗora a ƙafafun fulogin motarsa, shiru. Na riƙe tsinkayen, na ce ya lanƙwasa wayar daidai wuyan fulogi, sai lamba ta bayyana ta ɓace. Jan ƙarfen ya karye a cikin riga, a wurin da ya fi karyewa, domin nan ne ke lilo a iska a kan hanya, nan kuma ake kamawa a fizge. A abin da na gani a gareji, in an kawo mota an ce hita ta mutu, sau da yawa hitar lafiyarta ƙalau, waya ce. Kuma wayar da ta karye rabi ta fi wadda ta katse gaba ɗaya haɗari, don tana tartsatsi a ciki, a gaban injin da ke da mai da roba. Gobarar motoci da dama a lokacin sanyi daga nan take tashi.

Na yanke tafin hannu ɗaya daga wayar, na ɗaura sabon fulogi da ke cikin akwatina, mita ta nuna lamba ta tsaya. Matashin ya ɗauko gwangwanin feshin sinadarin ether da ake tayar da injin da shi, Baba ya riƙe masa hannu. Injin da ke da hitar silinda ko hitar iska ba a fesa masa wannan. Yana taɓa ƙarfen da ya yi ja don zafi zai fashe a cikin bututun iska. Kafin a yi maganar jona batir da tamu sai da na duba nasa, ko gefensu ya kumbura. Batir mai cikakken caji ba ya daskarewa sai wajen −60, amma wanda ya sauka sosai tun kafin −10 ruwansa ke zama ƙanƙara, kuma batir da ya daskare in ka tura masa wuta yana iya fashewa. Nasa ba su kai nan ba. Muka ce ya bar hitar ta yi awa uku, ya sa caja, kada ya ƙara taɓa kik kafin nan. Ya kawo mana kofi biyu, muka kama hanya.

Ko da injin ya tashi, sauran motar a daskare take. Hita ba ta san giyabos ba, ba ta san man sitiyari ko na gatarin baya ba. Tayoyi sun kwana a wuri ɗaya sun yi fili a ƙasa, sai ka ji motar na dukan hanya bum-bum har roba ta saki. Baba ya bar ta ta yi minti biyar zuwa goma, ya ja a hankali, bai matsa mata ba sai da muka yi kilomita da dama.

Kimanin kilomita 190 daga High Level akwai babban allo a layin digiri 60, iyakar Alberta da Yankunan Arewa maso Yamma. Ofishin baƙi na wurin a rufe yake da hunturu, ba mai tambayar ka komai. Sabis ɗin waya kuwa ya riga ya tafi, sai ya leƙo a kusa da gari ya sake ɓacewa. Kusa da Enterprise muka shiga dajin da gobarar watan Agustan 2023 ta cinye, wadda ta ƙone mafi yawan garin. A watan ne kuma aka kwashe kusan dukan mutanen Yellowknife. Kilomita bayan kilomita baƙaƙen sanduna ne tsaye cikin farin ƙasa.

Gaba da nan muka tarar da wata babbar tirela a gefen hanya da fitilun haɗari. A wannan hanya ba a wuce wanda ya tsaya. Direban ya taso ne daga kudu mai nisa da tanki cike da man da ya sha a can. Injinsa bai taɓa mutuwa ba tun da ya taso, a hankali ƙarfi ya riƙa raguwa har ta tsaya. Da ya kwance filta ya nuna mana, takardar ciki ta lulluɓe da wani abu fari-fari mai kauri. Dizal yana da kakin zuma na ma'adini a narke cikinsa; na lokacin zafi tun wajen −10 kakin ke fara fitowa ya toshe filta. Na hunturu da ake sayarwa a arewa an tace shi ya jure −40. Nan hitar injin ba ta da abin yi, domin tanki da bututun mai suna can waje cikin iska. Maganin da ake zubawa a tanki don hana wannan sai an zuba shi kafin man ya kama, tun yana famfon gidan mai. In ya riga ya kama, sai sabuwar filta da wani maganin gaggawa na daban, in ya ƙi sai a ja motar zuwa gareji mai ɗumi. Yana da duka biyun, taimakonmu riƙe fitila ne da ba shi wuri ya ɗumama yatsu a motarmu. Mu dai dokarmu ita ce tanki kada ya sauka ƙasa da rabi, a sha mai a kowane gari, a kuma tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan filta tun yana ruwa. Ruwan yuriya da sababbin injina ke fesawa a salansa shi ma a −11 yake daskarewa, amma tankinsa na da hitarsa. Abin kiyayewa kawai kada a cika shi maƙil.

Kogin Mackenzie, mafi tsawo a Kanada, mun haye shi ta gadar Deh Cho kusa da Fort Providence, wadda ta ɗan haura kilomita ɗaya. A ƙarshen 2012 aka buɗe ta. Kafin nan jirgin fito ne da rani, hanyar ƙanƙara da hunturu, a tsakaninsu kuma makonni da babu hanyar mota zuwa Yellowknife sam. Motocin kaya masu zuwa arewa suna biyan kuɗin gada, amma ta takarda kamfani ke biya, ba a tsayawa. A Fort Providence dole a cika tanki, domin fiye da kilomita 200 ne zuwa Behchoko babu gidan mai. Nan ne yankin ɓaunan daji. Garke muka tarar a tsakiyar titi, manya-manya, baƙaƙe, raɓa ta daskare a gemunsu. Ba sa jin hon. Ka tsaya nesa ka jira su ga dama. Da dare su ne babban haɗarin hanyar, don baƙin jikinsu ba ya nuna fitila sai ka zo kansu. Kilomita 100 na ƙarshe hanyar tudu da kwari ce, saboda ƙasar da ke ƙarƙashinta mai daskarewa tana narkewa tana motsi; da tirela a baya dole ka rage gudu ko ka bar gatari a hanya.

Yellowknife gari ne na mutum kimanin 20,000 a bakin tafkin Great Slave, wanda zurfinsa ya kai mita 614. Rana na fitowa wajen ƙarfe 10 ta faɗi kafin 4. Komai ya fi Edmonton tsada, daga ɗaki har tumatir, tunda duk a mota ya zo ta hanyar da muka biyo. Kifin tafkin kuwa, farin kifi da ake kamawa ta ramin ƙanƙara, shi ne abinci mafi daɗi da muka ci a tafiyar. A nan kusan babu motar da ba ta da fulogi a gaba, kuma da yawa ukun nan ne a haɗe: ruwa, baƙin mai, batir. Akwai hanyar mota ta kimanin kilomita 6 a kan tafkin zuwa ƙauyen Dettah, an share ta an kafa alluna kamar kowane titi. Daga ƙarshen wata hanyar kuma ake buɗe doguwar hanyar ƙanƙara ta 'yan makonni zuwa ma'adinan lu'ulu'u, inda tireloli masu kaya ke tafiya a kilomita 25 a awa.

Wurin da muka kai janareton yana wajen gari, babu turke babu soket. A irin wannan wuri zaɓi uku ne. Ko ka jona hitar da ƙaramin janareto, wanda shi ma sai ka kwana da shi a ɗaki in kana son ya tashi. Ko ka bar injin yana aiki dare da rana, abin da direbobin manyan tireloli da yawa ke yi, ana ƙona kusan lita 3 a awa, ga matatar hayaƙin sababbin injina tana toshewa in sun daɗe suna aiki a tsaye. Ko kuma hita mai shan dizal, irin ta Webasto ko Espar, wadda ke jan mai daga tankin motar, ta ƙona ƙasa da lita ɗaya a awa, ta tura ruwan zafi cikin injin da ɗan famfonta. Ita ce mafi dacewa a daji, sai dai tana shan batir, kuma kuɗinta ya ninka na hitar lantarki sau da yawa. Mu da yamma muke mai da motar gari ta kwana a turke.

Dawowa ta hanya ɗaya ce, tirela babu kaya, sanyi ya sassauta. Da muka wuce Peace River ma'auni ya hau kusa da sifili, sai muka buɗe rigar gaban mota don kada injin ya yi zafi a hawan tudu.

Wani abu da ya shafi na gida: motocin da aka yi amfani da su a Kanada da arewacin Amurka suna isowa kasuwannin Kwatano da Legas da Kano da fulogin nan yana leƙe ta gaba ko a naɗe kusa da batir. Ba na cajin batir ba ne, motar kuma ba mai lantarki ba ce. An yi hitar ne don volt 120, wutarmu kuwa 230 ce. In aka jona ta, mai wat 1,000 za ta ja kusan wat 3,700, ta ƙone ko ta narka waya. A naɗe wayar a ɗaure ta nesa da fanka da salansa, ko a zare ta daga jikin hitar gaba ɗaya. Hitar kanta a bar ta a wurinta, domin ita ta toshe ramin da ke jikin ganga, in aka kwance ta ruwan injin zai zube.